Akwatin Bindiga a Mota: Abin da Ƙarfe Zai Iya, da Abin da Ba Zai Iya Ba

A Amurka, inda doka ta yarje wa talaka ya mallaki ƙaramar bindiga, an daɗe ana muhawara a kan yadda mutum zai haɗa ɗan akwatin ƙarfe mai araha ya ajiye ta a mota. Dalilin a fili yake. Wani rahoto da ƙungiyar Everytown ta fitar a 2024 ya nuna cewa fiye da rabin bindigogin da aka kai rahoton sace su a 2022, a biranen da aka bincika, daga cikin motoci aka ɗauke su. Yanzu da rashin tsaro ya sa wasu masu hali a Arewa suke raɗe-raɗin ajiye makami kusa da sitiyari, tambayar ta fara isowa bakin rumfunan masu walda. Ra'ayina shi ne: Kano na da gwanintar ƙera akwatin, amma akwati ba ya halatta abin da doka ta hana, kuma a cikin Birni mota ita ce mafi munin ma'ajiya.

Mu fara da gwanintar. Ƙira ta riga sarauta a wannan gari. Ruwayar da aka gada ta ce Abagayawa, zuriyar wani maƙeri mai suna Kano, sun zo daga Gaya suna neman tama a gindin Dala. Daga Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har zuwa Ƙofar Ruwa inda ake cinikin ƙarfe da kayan gini a yau, ba a taɓa rasa mai lanƙwasa ƙarfe ba. Wanda ya iya ƙera ƙyauren shago, akwati mai faɗin littafi ba zai gagare shi ba.

Ƙa'idojin aikin ma ba su da yawa. Fallen ƙarfen ya zama mai kauri, kamar milimita 3, domin siririn langa-langa da sukuddireba ake ɓanɓare shi. Hinji ya kasance ta ciki, kada a samu inda za a buge shi da guduma. Murfi ya shige cikin baki ya zauna daram, ba tare da giɓin da za a zura rodi ba. Makulli shi ne inda akasari ake yin asara, domin mutum zai kashe kuɗi a kan ƙarfe sannan ya rataya kwaɗon da yaro zai karya. Gara makullin da aka binne a jikin murfin, ko kwaɗo mai kyau da aka yi wa rumfar ƙarfe. A shimfiɗa soso a ciki. Sai babban sharaɗi: a ɗaure akwatin da noti a jikin motar, ko a zarga masa igiyar ƙarfe a ƙafar kujera, tare da lura kada a huda tankin mai ko wayoyin wuta. Akwatin da ba a ɗaure ba, ɓarawo aka yi wa ƙunshi, ya ɗauka ya je gida ya buɗe a natse.

To amma ko an cika waɗannan sharuɗɗa duka, me aka saya? Mintuna kawai. Akwatin ƙarfe ba ya hana sata, jinkirta ta yake yi. Yana maganin yaro mai ƙiriniya, da ɗan wankin mota mai dogon hannu, da wanda ya fasa gilashi yana sauri. Ba ya maganin wanda yake da dare guda da injin yankan ƙarfe, balle wanda ya tafi da motar ɗungurungum.

A nan ne tsarin Birni ya shigo. Duk wanda ya san Yakasai ko Mandawari ko lungunan da ke kewaye da Kurmi ya san cewa an gina su ne tun kafin a san mota. Gidaje da dama ba su da hanyar da mota za ta kai ƙofarsu. Mai gida kan ajiye ta a bakin titi, ko a wani fili, ko a gaban masallaci, ya taka da ƙafa zuwa zaurensa. Motar ta kwana a waje, shi ya kwana a ciki. Da rana kuma tana hannun direba, ko ɗan aike, ko makaniki, ko ƙanin da ya ara zai kai amarya. A irin wannan zama, makamin da ke cikin mota ya fi kusa da kowa fiye da mai shi. A garin da ake kuka da faɗan daba da ƙwacen waya, inda wuƙa da gora suka riga suka addabi mutane, bindiga ɗaya da ta ɓace ta isa ta sauya yanayin unguwa baki ɗaya.

Sai batun doka, wanda shi ne ya raba mu da Amurka. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa makamai gida uku. Fistol da libarba suna cikin rukunin farko, na haramtattu, tare da bindigogin yaƙi, kuma Shugaban Ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Rukuni na biyu, irin su bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku, bindigar toka da danginta, na hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Mafi ƙarancin hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga babu lasisi shi ne ɗaurin shekara 10. A watan Agustan 2023 kuma Muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da sanarwar dakatar da bayar da sabbin lasisi. Saboda haka ga mafi yawan Kanawa, akwatin fistol a ƙarƙashin kujera ma'ajiyar shaidar laifi ce kurum. Mai waldar da ya ƙera shi, yana sane da abin da za a saka, shi ma ya jefa kansa cikin zargi.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce: wanda ke bin hanya cikin dare, ya san abin da ake yi wa matafiya, kana so ya tafi hannu rabbana? Tsoron nan gaskiya ne, kuma shi ya sa Gwamna Bello Matawalle na Zamfara ya ce wa jama'arsa su nemi lasisin bindiga a watan Yunin 2022. Sai dai akwai saɓani a cikin maganar. Makamin da aka kulle yadda ɓarawo ba zai kai gare shi ba, mai shi ma ba zai kai gare shi cikin ƙiftawar ido ba. Wanda kuwa aka ajiye shi kusa da hannu, yana kusa da hannun mai fushi a cunkoson Ƙofar Mata, da hannun yaron da aka bari a kujerar baya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Tarihin garin ma yana da abin faɗa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa bindigogi sun fara shigowa daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari, a ƙarni na 18, kuma Babba Zaki ne ya fara kafa rundunar 'yan bindiga. Har yau su ne ke barin wuta a hawan Sallah. Abin lura shi ne magabata sun sa bindiga a hannun sanannun mutane masu shugaba, waɗanda za a iya kira a tambaya.

Abin da ya kamata a yi, a ganina, uku ne. Na ɗaya, hukumar 'yan sanda ta sa ma'ajiya mai kulle ta zama sharaɗin sabunta kowane lasisi, ta fitar da ma'auni mai sauƙi da maƙeran gida za su iya bi. Na biyu, maharba da sauran masu lasisi su ɗauki akwatin mota a matsayin abin tafiya kawai: bindiga babu harsashi a ciki, harsashi a wani wuri dabam, idan an iso gida a shigar da ita cikin ma'ajiyar da aka kafe a bango. Na uku, masu walda su karkata basirarsu ga kasuwar da ta fi faɗi kuma babu haɗari: akwatin takardun mota, da kuɗin ciniki, da wayoyi, ga 'yan kasuwar Kwari da Singa da ke yini a hanya.

Mai unguwa da liman da shugabannin maƙera suna da ta cewa a nan, tun kafin maganar ta kai ofishin 'yan sanda. Idan aka kawo wa mai walda awon akwatin da ya yi kama da na fistol, tambayar farko ita ce ina takarda. In babu, ya mayar da kuɗin.