Gina Ganuwa Kafin Kai Hari: Darasi Daga Darar Japan

Ɗalibin da ke Gayam ko cikin garin Birnin Gwari ba ya bukatar dogon bayani a kan muhimmancin tsaro. Kalmar birni ita kanta tana nufin gari mai ganuwa, kuma tarihi ya nuna Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya soma ginin ganuwar Kano. A ganina, wannan tsohuwar hikima ta cancanci shiga ajin lissafi, ta hanyar wani wasan Japanawa da ake kira shogi.

Darar da muka saba da ita tana da gurabe 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, kuma babu sarki a cikinta. Shi kuwa shogi, allonsa gidaje 81 ne, wato 9 sau 9, kowa da 'ya'ya 20, kuma wanda aka ritsa sarkinsa shi ya faɗi. Bugu da ƙari, duk ɗan da ka kama ya zama naka, kana iya dasa shi a gidan da babu kowa. Ke nan hari yana iya ɓullowa ta ko'ina, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan ne ya sa gwanaye ba sa barin sarki a tsakiya inda ya fara. Sukan janye shi gefe, su kewaye shi da dogarai uku, biyu na zinariya ɗaya na azurfa. Ganuwar da ake kira Mino tana da saurin ginuwa, tana tare harin gefe, amma tana da rauni ta gaba. Yagura ta fi jure harin gaba. A Anaguma kuwa, cusa sarki ake yi can cikin kusurwa. Tana da ƙarfi ainun, sai dai tana cin lokaci, kuma in aka fasa ta sarki ba shi da mafita.

Wani malami zai ce wasa ɓata lokacin karatu ne. Amsa ita ce, duk takun da yaro ya kashe wajen gina ganuwa ya rage shi ne daga na kai hari, don haka dole ya ƙirga, ya auna riba da hasara, ya hango abin da abokin karawarsa zai yi. Irin wannan tunani ne aka koya wa kwamfuta, har manhajar Ponanza ta doke zakaran Japan, Sato Amahiko, a 2017.

Ba sai an sayi kaya daga ƙasar waje ba. Kwali da muraffan kwalba sun isa, a zana wa kowane ɗa sunansa da kibiyar da ke nuna mai shi. Ya kamata malaman lissafi su jarraba wannan a ƙungiyoyin ɗalibai, tare da darar gida.