Hirar lambu: Ina aka ajiye Samanja?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da sassafe a watan Janairu, idan ya wuce Kura ya doshi Kadawa, zai ga abin da hunturu bai iya busarwa ba. Ko'ina ya yi fari fat, hazo ya rufe rana, leɓe ya tsattsage, amma lambunan da ke shan ruwan madatsar Tiga sun yi kore shar. Raɓa ta kwanta a kan ganyen tumatir da albasa, ƙasa ta jiƙe tana kama takalmi, sanyin kuma har cikin ƙashi. A irin wannan lokaci ba a fara aiki da wuri. Sai an hura wuta da karmami a bakin fangali, an ɗan gasa hannu, an jira rana ta leƙo.

A bakin irin wannan wuta ce wani dattijo mai lambu yake zaune da abokinsa na ƙuruciya, da kuma jikansa, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Rediyon dattijon na rataye a reshen darbejiya, Shata yana ta yi. Saurayin kuma ya duƙufa kan wayarsa, yana kallon wani fim mai dogon zango, irin waɗanda ake saki duk mako.

"Kai yaro, wannan abin naka ba ya ƙarewa ne? Tun damina nake jin muryar yarinyar nan tana kuka."

"Baba ai yanzu aka fara. Zango na biyar ake."

"To nemo mana Samanja a ciki, tunda ka ce babu abin da babu."

Yaro ya lallatsa, ya samo. Hoton ya yi dishi-dishi, muryar na shaƙewa, amma shi ne, da gashin bakinsa da kakinsa da tsawarsa. Dattijan nan biyu suka matso har kawunansu na haɗuwa. Ba a yi nisa ba abin ya yanke, ana tsakiyar rigima.

"Ina sauran?"

"Iyakarsa ke nan, Baba."

Wannan tambaya ta "ina sauran" ita ce ya kamata ta hana manyan industiri barci, amma ga alama kowa barcinsa yake yi har da minshari.

Yaran yanzu ba za su gane yadda talabijin take a wancan zamani ba. An buɗe gidan talabijin na Kaduna a 1962, NTA kuma ta haɗe tashoshin ƙasar nan a ƙarƙashinta a 1977. A unguwa guda da ƙyar a samu gida biyu masu akwatin, baƙi da fari, wani ma har da ƙofar katako da ake rufewa da makulli. Tasha ba ta buɗewa sai da yamma, kafin tsakar dare kuma an yi taken ƙasa an rufe. A ƙauye da batirin mota ake kunnawa. Ranar da za a yi wasan kwaikwayo, yara tun magariba suke wanke ƙafa, don matar gidan ba ta barin mai ƙura ya hau mata tabarma. Wanda aka kora ya koma taga ya yi ɗage. Idan ka rasa shirin wannan mako, to ka rasa shi, sai dai a ba ka labari a makaranta.

A cikin wannan akwati Usman Baba Pategi ya zama Samanja Mazan Fama. Banufe ne ɗan gidan sarautar Pategi, kuma sojan gaske ne, ba na aro ba, sai a 1985 ya ajiye kaki. Shi ya sa Hausarsa ta bariki, wadda yake cakuɗawa da Turancin sojoji, ba ta yi kama da kwaikwayo ba. A lokacin da mutum ke ganin soja ya canza hanya, Samanja ya sa talaka ya zauna a ɗakinsa yana yi wa kaki dariya, sojojin kansu kuma suna kallo suna ƙyaƙyatawa. Ba ƙaramin abu ba ne wannan a zamanin mulkin soja. Ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 2023.

Abokin dattijon shi kuma na Ƙasimu Yero ne, kuma a kan haka suka sha musu shekara da shekaru. A wajensa ba a taɓa yin ɗan wasa kamar Bazazzagin nan ba, wanda ya yi Karambana, ya fito a Magana Jari Ce, sannan ya tsallaka ya yi wasa da Turanci duk Nijeriya ta san shi. Kuma yana da hujja ta manoma. Cock Crow at Dawn, wanda NTA ta fara nunawa a 1980, wasa ne da aka shirya musamman don a jawo hankalin jama'a su koma gona, aka ɗauke shi a yankin Jos, Bongos Ikwue ya rera waƙar buɗe shi. Ƙasimu ne Uncle Gaga a ciki, Sadiq Daba kuma Bitrus.

"Mu ba Turancin muke ji ba," in ji shi, "amma mun ga tarakta, mun ga mutum ya baro birni ya kama noma. Ai ka gane."

Ƙasimu ya rasu a watan Satumba na 2017, Sadiq Daba ya bi shi a watan Maris na 2021.

Daga nan sai sunaye suka ɓalle kamar an buɗe bakin ruwa. Kuliya Manta Sabo a Kano, da alƙalinsa da masu ƙararsa. Hankaka, Ɗanwanzan, Tambaya, Golobo. Wasannin CTV, tashar da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, wadda yanzu ake kira ARTV. Da aka zo kan Karkuzu na Bodara sai hirar ta ɗan yi sanyi. Abdullahi Shu'aibu ya ba arewa dariya daga Jos tsawon shekaru, amma a ƙarshen rayuwarsa ido ya tafi, hannu ya bushe, har sai da ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Ya rasu a 2025. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

An sha yin maganar talaucin tsofaffin 'yan wasa a shafukan mujallu, kuma duk lokacin da ɗaya ya kwanta ciwo sai a yi ta kururuwa, a haɗa ɗan abin da aka haɗa, a ɗauki hoto a bakin gadon asibiti. Ba laifi, taimako ne. Amma akwai wata asarar da ba a cika magana a kai ba, ita ce ta aikin kansa. Mutum ya yi shekara ashirin yana fitowa duk mako, ya mutu, jikansa ya nemi wasa guda cikakke ya rasa.

Abin lura a nan shi ne bambancin da ke tsakanin rediyon da ke rataye a darbejiya da wayar da ke hannun yaro. Shata ya rasu tun ranar 18 ga Yuni, 1999, amma ga shi yana waƙa a lambu kamar jiya ya yi ta. Haka Ɗanƙwairo, haka Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, wanda ya rasu a 2015, haka Barmani Choge ta Funtuwa da ƙwaryarta, wadda ta rasu a 2013. Me ya tsare su? Ba wata hukuma ba ce. Masu kwafar kaset ne na bakin kasuwa da tashar mota. Daga faifan garmaho aka juye a kaset, daga kaset zuwa wani kaset, har murya ta fara dusashewa, daga nan zuwa faifan CD, daga nan zuwa memori, yau kuma yaro mai kwamfuta a rumfa zai tura maka waƙa ɗari a waya kafin ka gama shan shayi. Mawaƙan ba su ci ko sisi daga mafi yawan wannan ba, kuma zalunci ne, babu wani suna da za a ba shi. Sai dai abin da 'yan fim suka yi shekaru suna tsine wa, wato satar fasaha, shi ne ya watsa waƙoƙin nan a gidaje dubu-dubu, ta yadda ko gobara ta ci ɗaki ɗaya, akwai kwafi a wani.

Wasan talabijin bai samu wannan gatan ba. Kwafi ɗaya ne, yana cikin tasha. A lokacin da Samanja da Kuliya ke tashe, masu bidiyo a gida ba su da yawa, ballantana a ce sun naɗa. Kaset ɗin tasha kuma, irin su U-matic da kamfanin Sony ya fito da shi a 1971, yana da tsada, shi ya sa tashoshi a duniya suka riƙa goge tsohon shiri su naɗi sabo a kai. Wanda ya tsira daga gogewa kuma yana da abokan gaba biyu, zafi da danshi. Danshin da ke raya tumatir a fangali shi ne ajalin kaset: funfuna ta kama zaren, ya manne da juna, ranar da aka saka shi a inji sai ya bar hoton a jikin kan injin. Ga kuma injinan kansu. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera bidiyon VHS, ya daina a 2016. Kaset na iya zama lafiya lau a rasa abin kunna shi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan sakaci na baƙar fata ne kawai. BBC da kanta ta goge ɗimbin shirye-shiryenta na shekarun 1960, ciki har da wasan nan nasu Doctor Who da Turawan Ingila ke ji da shi. Da hankalinsu ya dawo sai suka bazama duniya neman kwafin da suka taɓa sayar wa tashoshin ƙasashen waje. A 2013 aka ba da sanarwar an gano kashi 9 da suka ɓace. A ina? A wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos! Shekara da shekaru gwangwanayen fim ɗin na zaune a kan kanta, sanyin Jos ya taimaka, ba wanda ya taɓa su. Bature ya taso tun daga Ingila ya zo garin Karkuzu ya kwashi nasa ya tafi. Wa ya taɓa cika mota da mai daga Kano ya je ya duba kantar da ke kusa da waccan?

Kuma an ga abin da ke faruwa idan aka duba ɗin. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukar ya ɓace. A 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wata cibiya mai suna Arsenal a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018, ga Umaru Ladan garau kamar yau aka ɗauka. Shata ma ya yi sa'a ta wani ɓangaren, domin an rubuta tarihinsa a littafi guda mai kauri, Shata Ikon Allah, a 2006, lokacin da da yawa daga makaɗansa da 'yan amshinsa suna raye ana iya tambayarsu.

'Yan fim na yau sukan yi magana kamar da Turmin Danya duniya ta fara, wato fim ɗin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990. Amma waɗanda suka yi shi ba daga sama suka faɗo ba. Ƙungiyoyin wasan daɓe da na talabijin ne suka rene su, kuma 'yan kallon da suka sayi kaset ɗin farko su ne yaran nan da suka wanke ƙafa don kallon Kuliya. Ko marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, hanyar da su Hankaka da Golobo suka share ya bi, ya faɗaɗa ta.

Kuma wutar ta kusa cin gemun 'yan bidiyon su ma. A tara furodusoshin da suka yi tashe daga 1995 zuwa 2005, a ce kowa ya kawo mastan fim ɗinsa na farko, a ga mutum nawa za su dawo da abu a hannu. Wani ya sayar wa ɗan kasuwa da komai da komai. Wani yana cikin buhu a ƙarƙashin gado, damina ashirin ta wuce a kansa. Wani faifan CD ne, ya kakkarce. Wanda ke YouTube sau da yawa kwafin kwafi ne da wani ɗan kallo ya ɗora, da tambarin wani shago a kusurwa, ranar da aka rufe shafin kuma shi ke nan. Ƙungiyoyin 'yan fim suna da kuɗin yin bikin karramawa a manyan otal, da kambu da jan kafet. Kuɗin daren biki guda zai sayi inji da kwamfuta, ya biya yara biyu albashin shekara su zauna suna juye kaset. A Jos akwai ma'ajiyar finafinai da sauti ta ƙasa, jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello suna da sassan da aikinsu ke nan. Ba wurin kaiwa aka rasa ba.

Rana ta ɗan ɗaga, hazo ya fara yayewa. Saurayin ya sake lalubo wani guntun, wannan karon na Karkuzu, shi ma minti kaɗan. Kakan ya karɓi wayar da hannunsa mai taɓo, ya nisanta ta da ido, ya matso da ita.

"Wannan na san shi. Daga nan fa zai je gidan surukinsa, a can ake yin ta."

"Babu wajen a nan, Baba."

"To zauna in gaya maka."

Ya fara ba da labarin, yana canza murya, yana yin na mutum uku shi kaɗai. Abokin ya katse shi, ya ce ba haka aka yi ba, ya haɗa wasa biyu ne, wancan na surukin a wani shirin daban yake. Musu ya kaure, kowa na rantsuwa, ba mai raba su. Ana cikin haka ruwa ya cika fangalin farko ya fara malala kan hanya, yaron ya ajiye waya a kan kwando ya ɗauki fartanya da gudu ya je ya toshe.