Jirgi Maras Matuƙi Da Dokar Ƙasa

Wata sabuwar al'ada ta shigo unguwannin 'yan Arewa mazauna Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko har Sabo ta Badun. Yanzu da wuya a yi babban biki ko naɗin sarauta ba a ga ɗan ƙaramin jirgin nan maras matuƙi yana shawagi bisa kawunan jama'a yana ɗaukar hoto ba. Samari da dama sun sami sana'a da shi, wannan kuwa abin farin ciki ne. Amma fa da yawansu ba su san akwai doka a kansa ba.

Tun cikin watan Mayu na 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, watau NCAA, ta hana kowa tayar da irin wannan jirgi sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Har wa yau dokokin da ta fitar cikin 2023 sun keɓe masa sashe guda. In ba da izini na musamman ba, kada jirgin ya wuce ƙafa 400 a sama, kada ya ɓace wa idon mai sarrafa shi, sa'an nan kada ya kusanci filin jirgin sama.

Ba don a takura wa talaka aka kafa waɗannan ƙa'idodi ba. Tsuntsu ma in ya faɗa injin babban jirgi yana iya kashe shi, balle abin da ke ɗauke da batir da ƙarfe. Agege kuwa tana maƙwabtaka da filin jirgin sama na Murtala Muhammed. Mutanen wannan yanki ba su manta da ran 3 ga Yuni, 2012 ba, sa'ad da jirgin Dana ya faɗa kan gidaje a Iju-Ishaga. Mutum 153 da ke cikinsa duk suka rasu, ban da waɗanda ajali ya tarar a ɗakunansu. Lalacewar inji ce ta jawo wannan, ba jirgi maras matuƙi ba, amma ya nuna cewa haɗarin sama ba ya barin na ƙasa. A Ingila ma, cikin Disamba 2018, rahoton ganin irin waɗannan jirage kurum ya sa aka rufe filin Gatwik fiye da kwana guda, tafiyar fasinja wajen 140,000 ta ɓaci.

Akwai kuma abin da ya shafi baƙo musamman. A wannan zamani na rashin tsaro, saurayin da aka kama yana tayar da jirgi kusa da filin jirgin sama ko barikin soja ba jarinsa kaɗai zai salwanta ba. Kafin a gane hoton amarya ya zo ɗauka, an riga an shafa wa unguwa duka baƙin jini.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa da limamai su faɗakar da jama'arsu. Mai biki kuma, kafin ya ba mai hoto kuɗi, ya nemi ganin takardar izininsa.

Ita ma hukuma tana da nata nauyin. Tun 2022 kamfanin Zipline ya soma kai magunguna asibitocin Jihar Kaduna da jirage marasa matuƙa, bisa izini. To, yadda aka buɗe wa babban kamfani ƙofa, haka ya kamata a sauƙaƙa wa ƙaramin mai sana'a hanyar rajista. A fassara ƙa'idodin cikin Hausa da Yarbanci da Ibo, a riƙa karanta su a rediyo. Wannan jarida tana ganin lalle a soma yin haka tun kafin wani haɗari ya auku, domin rigakafi ya fi magani.