RA'AYI: Kiɗan Jos Da Lissafin Abuja

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙaramin zauren kiɗa a Jos cikin daren hunturu ya san akwai abin da waya ba ta iya kawowa. Sanyin Filato na ratsa riga, amma da makaɗi ya sauke hannu a kan ganga, ƙirji ne ke fara amsawa kafin kunne. Kafaɗa na gogar kafaɗa, mutum bai san sunan na gefensa ba balle addininsa. Mawaƙi ya jefa baiti, jama'a su cafe. Ko janareta ya mutu ba a watsewa, tafi ake yi har wuta ta dawo.

A irin wannan taro Jos ta reni mawaƙanta. Haƙar kuza ce ta tara Birom da Hausawa da Ibo da Yarbawa wuri guda, kowa da kiɗan gidansu. Marigayi Adamu Ɗan Maraya, wanda ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015, da kuntigi kaɗai ya riƙa tsayar da taro: gwangwani, fatar akuya, tsirkiya ɗaya. Tagwayen P-Square a dandalin makarantar St. Murumba suka fara rawa. Jeremiah Gyang, M.I Abaga, Jesse Jagz da Ice Prince duk sun sha gwaji a gaban 'yan kallon Jos, masu wuyar burgewa, kafin Legas ta san da su.

A Abuja kuwa lissafin daban ne. Tun da aka kafa ma'aikatar al'adu da tattalin arzikin ƙirƙire-ƙirƙire a 2023, zancen da ya fi yawa shi ne kuɗin shiga, da yawan masu saurare ta intanet, da kasuwar ƙasashen waje. Ba laifi ba ne, ai mawaƙi ma yana cin abinci. Sai dai wannan awon amfanin gona ne bayan girbi, ba a waiwayi gonar ba. Yaron da ke kaɗa jita yau a gaban mutum arba'in ba ya cikin kowane jadawali.

Gonar kuwa ta sha fari. Rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, sun raba garin unguwa-unguwa, har ta kai ɗan Unguwar Rogo na tunani sau biyu kafin ya kai dare a wata unguwar, haka shi ma ɗan can. Kowace dokar hana fita, kamar ta Agusta 2021, makaɗa na cikin waɗanda take fara karya wa jari, domin sana'arsu ta dare ce. Gwamnati na da hujjarta, rai ya fi kiɗa. Amma idan ƙura ta lafa, wa ke tambayar zaure nawa ne bai sake buɗewa ba?

Nan ne ya kamata masu rubuta wa ministoci takardun shawara su tsaya. Ana kashe kuɗi a tarukan sulhu a otal, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Ƙaramin dandalin kiɗa kuwa yana haɗa matasan da aka raba, su yi gumi tare na sa'o'i uku ba tare da an biya su alawus ba.

Bukatun ba su da yawa. Jami'an tsaro a bakin ƙofa waɗanda ba za su tashi taro don neman na goro ba. Izini guda a wuri guda, maimakon rasit daga ofisoshi barkatai. Rance mai sauƙi na sayen lasifika da sola. Hukumar Fina-finai ta Najeriya ma a Jos take da hedikwata, ga kuma Jami'ar Jos, dukansu na tarayya ne. Buɗe zaurukansu dare ɗaya a wata ga makaɗan da ba su da kamfani, sa hannun shugabanninsu kawai yake jira.