Nasiha A Kan Ciwon Agara Da Na'urar Bugun Amo

 Ga wata mas'ala wadda ta shafi malamai da almajirai da fatake da 'yan koli, watau ciwon jijiya mai daɗewa, musamman na agara, jijiyan nan mai kauri da ta haɗa sharaɓa da diddige. Mai wannan ciwo yakan tashi da asuba ya kāsa taka ƙasa sai da ɗingishi, tafiyar kasuwa ta zame masa azaba, har tasowa daga sujada ta yi masa nauyi. Da yawa sun sha ƙaho da sakiya da man zafi wata da watanni, ciwon yana nan.

A sani cewa jijiya ba kamar tsoka take ba. Jinin da ke ratsa ta kaɗan ne, saboda haka warkewarta da nawa. In ciwo ya haura wata 3, galibi zarurrukan jijiyar ne suka raunana suka hargitse, kamar igiyar guga da ta fara tsinkewa. Kwanciya kawai ƙara mata rauni take yi. Abin da ke gina ta shi ne a riƙa ɗora mata nauyi da ƙa'ida, sannu sannu.

A shekarar 1998 wani likita na ƙasar Suwidin mai suna Alfredson ya gwada haka a kan mutum 15. Mutum zai tsaya da gaban ƙafarsa a bakin dakali ko matakala, ya ɗaga jikinsa da lafiyayyar ƙafa, sa'an nan ya mai da nauyinsa kan mai ciwon, ya sauke diddige a hankali. Sau 15 har zagaye 3 da gwiwa a miƙe, haka kuma da gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma, jimla 180 ke nan kullum, har mako 12. Dukansu sun koma ga gudunsu kamar dā. Wanda ciwonsa ke daidai inda jijiya ta kama ƙashin diddige, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa zai yi nasa.

Ita kuwa na'urar bugun amo, asalinta a Jamus ne. A birnin Munik aka fara fasa tsakuwar ƙoda da ita a 1980 ba tare da an tsaga mai ciwo ba, daga baya aka rage ƙarfinta aka kai ta ga jijiyoyi. Akan shafa mai a wurin ciwo, a ɗora bakin na'urar, ta aika bugu kamar 2,000 cikin 'yan mintoci, sau ɗaya a mako, galibi zama 3 zuwa 5. Likitoci suna ganin bugun yana zaburar da wurin ya tsiro da ƙananan hanyoyin jini, kuma yana dushe zogi.

A 2009 likita Rompe na Jamus da abokan aikinsa suka raba mutum 68 kashi biyu daidai. Kashin farko motsa jiki kaɗai, na biyu motsa jiki da na'ura. Bayan wata 4, mutum 19 cikin 34 na farko suka ce sun warke ko sun sami sauƙi ƙwarai, a na biyu kuwa 28. Bayan shekara guda bambancin ya gushe, ko da yake an ƙara wa 15 daga kashin farko na'urar daga baya. Abin lura, babu ko mutum ɗaya da aka ɗauke wa motsa jiki.

To, hukuncin a fili yake ga ma'abota ilmi: motsa jiki shi ne farilla, na'ura nafila. Nafila tana da fa'ida, domin tana iya gaggauta sauƙi ga wanda abincin gidansa ke kan ƙafarsa. Wanda ya biya kuɗin zama uku, sa'an nan ya koma rumfarsa ya naɗe ƙafa yana jiran waraka, yana iya yin asarar kuɗinsa. Malamin allo ya fi kowa sanin wannan, gama hadda ba ta zama a ƙirji sai da tilawa kullum, jijiya ma haka take.

Saboda haka mai ciwo ya fara zuwa wurin likitan gashin ƙashi a tabbatar jijiyar ba ta tsinke ba, ya koyi motsin, ya lizimce shi mako 12, kuɗinsa na aljihunsa. In sauƙi ya ƙi, sa'an nan ya ƙara da na'ura, kuma kada ya bar motsin. Ba a yin ta ga mace mai ciki, ko mai shan maganin tsinka jini, ko inda akwai ƙari ko ƙurji. Ya yi hattara da allurar kashe zogi da ake kira kotizon a cikin agara, domin tana iya kai ta ga tsinkewa. Duk wanda ya ce zai warkar da ciwon shekara a zama guda, a tambaye shi hujja kafin a kwance masa bakin jaka.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya ba mu haƙurin riƙo da sababi. Amin.