Fitilar Komin Ta Mutu, Wa Za A Tambaya?

A Nijar babu komin da ta mallaki kamfanin wutar lantarki na kanta. Tun 1968 Nijelek ce mai layi, mai turaku, mai mita, kuma daga Yamai ake juya ta. Shi ya sa in aka ɗauke wuta a Madawa ko Buza ko Keita, shugaban komin sai ya ɗaga kafaɗa, ya ce ba huruminsa ba ne. Da gaskiyarsa. Lokacin da Najeriya ta katse layi a watan Agustan 2023, ba wani shugaban komin da ke da ikon dawo da wutar. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, ita ma ba ta komin ba ce.

Amma akwai wutar da ke hannun komin, kuma a kanta muke magana. A komin ɗin karkara irin Galma Kudawace, inda ƙauyuka da yawa ba su taɓa ganin wayar Nijelek ba, wutar da talaka ya sani ita ce ta faifan rana: fitilar bakin kasuwa, firijin allurar rigakafi a ɗakin shan magani, injin da ke tura ruwa cikin tanki. Wasu gwamnati ta kafa, wasu masu ba da agaji, aka yi biki, aka ɗauki hoto, aka damƙa wa hukumar gari. Daga ranar sun zama dukiyar jama'a.

Duk wanda ya ratsa ƙauyukanmu da dare ya san abin da ke biyo baya. Turke na tsaye, faifan ya sha ƙurar hunturu har ya koma ja, batir ya mutu ko an kwance shi, mai shayi a gindinsa ya kunna tocilan. Ga mata a bakin famfo da jarkoki a jere tun asuba, saboda wata 'yar na'ura ta ƙone, alhali kowace jarka da aka ɗiba an biya kuɗinta. Ina kuɗin gyaran da aka ce ana warewa? Mai kula da famfo zai tura ka wurin ɗan kwangila, ɗan kwangila ya tura ka ofishin komin, a can kuma a ce maka takardun suna hannun wanda ya sauka.

Da can aikin kansiloli ne su yi wannan tambaya, ko da yake ba duka suka yi ta ba, wasu alawus ɗin zama kawai ke kai su. Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun da aka zaɓa a 2020, kantomomi ne ke riƙe da komin. Babu majalisar da za ta titsiye kantoma, don haka nauyin bayani ya ƙaru a kansa.

Abin da muke nema ba ya cin kuɗi. Kantoman Galma da takwarorinsa na Madawa, Buza da Keita su sa a ƙirga kowace fitila da kowane faifai, a rubuta mai aiki da matacce da sunan mai kula da shi. A bayyana abin da ya shigo na ruwa da abin da aka kashe a gyara, a liƙa a ƙofar ofis, a karanta shi da Hausa a gidan rediyon gari da gaban masu gari ranar kasuwa. Ku fara da wannan kafin zafin bazara ya shigo.