A Bar Wake Ya Nuna Da Kansa

Wake ba ya son gaggawa, mu kuwa mun mayar da kanwa maganin rashin haƙurinmu. Ɗan wake dai ba ya yi sai da ita, wannan babu musu. Amma a tukunyar fate ko garau-garau, da zarar hannu ya yi nauyi sai romo ya yi duhu, ɗanɗano ya koma na sabulu, bitamin B1 da ke cikin ƙwayar kuma ya lalace.

Uwargida na da hujjarta: gawayi da gas sun yi tsada, yara na jira. Sai dai jiƙa wake tun dare na rage lokacin dahuwa ba tare da an kashe ko kwabo ba. Da safe a zubar da ruwan, a ɗora da sabo, a yanka albasa, a sassauta wuta har ƙwayar ta fara fashewa, romo ya yi kauri da kansa. A nan daɗin yake, irin wanda ke sa ɗan makarantar kwana kewar gida. Manja da yaji sai an kusa saukewa.